Dutsen Hira Ba Rukunin Hajji Ba Ne: Mu Daina Ƙarar Da Ƙafafun Tsofaffinmu Kafin Ranar Arfa

Maudu'in yau ba mai daɗi ba ne, kuma mun san akwai waɗanda za su ji haushinmu kafin su kai ƙarshe. Ba komai. Mu da muke rubutun muna cikin masu laifi, don haka da kanmu za mu fara.

A shekarar 2023 mun raka wata innarmu daga Jabo zuwa aikin Hajji. Ta haura shekara saba'in, tana da sanyin ƙashi a gwiwar hagu, ga hawan jini. Ta daɗe tana jiran wannan tafiya. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyatan ƙasashen waje shiga Saudiyya. A 2022 aka buɗe, amma aka ce wanda ya wuce shekara 65 ya dakata. Sai a 2023 aka ɗage ƙa'idar shekaru, kuɗin kujera kuma ya kai kusan naira miliyan 3. An sayar da shanu, 'ya'ya da jikoki sun haɗa abin da ya sawwaƙa. Ranar da muka kama hanyar Sakkwato, rabin unguwa ya rako mu bakin mota.

Muna Makka, saura kwanaki a fita Mina, sai wani mai motar ziyara ya zo masauki yana shela: Jabalun Nur, Jabalu Saur, Arfa, Muzdalifa, duk a fita ɗaya, riyal kaɗan. Ɗakin su Inna kowa ya ce za shi. Muka dube ta, ta dube mu. Ta ce, "Ɗiyana, in ban hau dutsin ga ba, mi za ni hwaɗa ma mutanen gida?" Maimakon mu ba ta amsa, sai muka yi mata kabbara, muka ce Inna jaruma ce. Muka kama hannunta muka fara hawa. Ba ta kai rabi ba gwiwa ta ƙi. Saukowar ta fi hawan wuya, domin nauyin jiki duk a kan gwiwar yake sauka. Da kyar muka kai ta mota. Daren nan a ɗakin shan magani ta kwana ana yi mata ƙarin ruwa.

Ranar Arfa, ranar da ta tara kuɗi shekara da shekaru dominta, Inna a kwance ta yi ta cikin tanti, tana nishi, ba ta iya ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a ba. Jifa wani ya yi mata. Ɗawafin ifada a keke aka tura ta, tana hawaye, kuma mun san ba duka ne hawayen shauƙi ba. Allah Ya sa ta dawo gida da ranta. Amma har yau da sanda take zuwa gidan biki, kuma hoton da muka ɗauke ta a kan matakalar dutsen yana nan cikin wayarmu, ba mu iya kallonsa. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

To, ga maganarmu a fili. Duk wanda ya raka tsoho ko mai raunin ƙafa ƙasa mai tsarki, zaɓar masa ziyarar da zai je da wadda zai bari amana ce a wuyansa, kuma mafi yawanmu muna cin wannan amanar. Muna cin ta da sunan so, da sunan lada, da sunan "ai sau ɗaya ne a rayuwa".

Mu fara da lissafi, tun da shauƙi ba ya son lissafi. Ƙafar tsoho kamar kuɗin guzuri take: abin da aka ba shi ke nan, in ya kashe a kasuwa ba wanda zai ƙara masa. Me aikin Hajjin kansa yake nema daga wannan ƙafar? Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai, ya kai kimanin kilomita 3. Mai Tamattu'i, kamar yadda mafi yawan alhazanmu suke yi, sau biyu zai yi shi, na Umra da na Hajji. Ɗawafi kusa da Ka'aba gajere ne amma cunkoso ne, in kuma aka hau bene don gudun cunkoso, zagayen ya ninka tsawo. Daga masauki zuwa Harami akwai tafiya ko da an shiga bas, domin bas ba ya kai mutum ƙofar masallaci. Daga tantunan Mina zuwa wurin jifa tafiyar kilomitoci ce, zuwa da dawowa, kwana uku ko huɗu a jere. Ga kwanan Muzdalifa a fili, ga layin banɗaki, ga jiran mota a tsaye. Wannan shi ne bashin da ke kan ƙafar tun kafin a ambaci ziyara ko ɗaya.

Sannan ga rana. A watan Yunin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suka sanar da rasuwar mahajjata 1,301 a wannan Hajjin. Sun ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba inuwa ba wurin hutawa, kuma akwai tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a cikinsu. Wani zai ce ai namu suna da izini. Haka ne. Amma rana ba ta duba katin wuya. Abin da ya kashe waɗancan shi ne tafiyar ƙasa cikin zafi, kuma shi ne abin da muke sayo wa tsofaffinmu da kuɗinmu idan muka kai su gindin dutse da hantsi muka ce bismillah.

Jabalun Nur ya haura mita 600 daga saman teku. Mai ƙarfi a jika ma yakan ɗauki awa guda ko fiye kafin ya kai kogon, kogon kuma ɗan ƙarami ne, mutane kaɗan yake ɗauka, ga turereniya a bakinsa. Jabalu Saur ya fi shi tsawo, ya fi shi wahala. Wanda ke salla a zaune saboda gwiwa, ta yaya hankali zai yarda a ɗora shi a kan wannan hanya?

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu shiga gardamar malamai kan neman albarka a wuraren tarihi ba, wannan fagen yana da masu shi, kuma a wannan zaure akwai ɗan kowane ɓangare. Mu maganar gwiwa muke yi. Amma akwai abin da kowane ɓangare ya yarda da shi: a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta rukunan Hajji huɗu ne, harama, tsayuwar Arfa, ɗawafin ifada, da sa'ayi. Babu hawan dutse a ciki. Babu shi a wajibai, babu shi a sunnonin Hajji. Ba a ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hau Hira ko Saur a Hajjin Bankwana ba. Ko ɗan tudun nan na Arfa, Jabalur Rahma, da mutane ke kokawar hawa, hawansa ba ya cikin aikin. Duk filin Arfa wurin tsayuwa ne, wanda ya zauna cikin tantinsa ya samu Arfa cikakkiya.

Kuma addinin da muke fakewa da shi ya riga mu tausayin tsoho. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani dattijo da Manzon Allah (SAW) ya gani ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu, saboda ya yi bakancen zai tafi a ƙasa. Manzon Allah ya nuna cewa Allah ba Ya bukatar mutumin nan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Ku sake duba hoton: tsoho a tsakiya, 'ya'ya biyu a gefe suna jan sa. Wallahi mu ne. Nana Saudatu, da yake jikinta ya yi nauyi, ta nemi izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso, aka ba ta. Nana Ummu Salama ba ta da lafiya, aka ce ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi. Matar nan ta ƙabilar Khas'am ta zo ta ce mahaifinta ya tsufa ba ya iya zama a kan abin hawa, aka ba ta izinin ta yi Hajji a madadinsa. Idan an yi sauƙi a cikin farilla har haka, wa ya ba mu ikon tsanantawa a cikin abin da ba a ma nema ba?

Mu mutanen ƙasar Sakkwato muna da wani abin tunawa kusa da mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817 bai samu zuwa Makka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rasu a Wurno a 1837 bai je ba. Shauƙinsu bai yi kasa da namu ba, hali ne bai ba su ba, kuma babu mai hankalin da ya taɓa cewa darajarsu ta ragu. To, in rashin zuwa Makka gaba ɗaya bai rage wa Shehu komai ba, rashin hawa dutse ɗaya a Makka me zai rage wa Inna?

Laifin na wa ne? Kashi uku muka raba shi, kuma babban kason namu ne.

Namu shi ne kunya da son a gani. Tsohon Bahaushe, balle wanda ya tashi cikin kara irin ta ƙasarmu, ba ya buɗe baki ya ce na gaji. In ka tambayi Baba ko zai iya, zai ce "da ikon Allah" ko da ƙafar tana rawa. Mun san haka sarai, amma muna tambayar a gaban mutane, domin mu samu amsar da muke so, mu ce ai shi ya ce zai iya. Wannan ba shawara ba ce, tarko ne. Sannan ga waya. Kafin a sauko daga dutse hoton ya isa Jabo, ya isa Dogon Daji da Sanyinna, ya shiga zauren dangi na WhatsApp, ana ta barka. Wanda ya biya kuɗin kujera yana Abuja ko Legas yana son ya ga shaidar kuɗinsa. Ita kuwa mai gwiwar ba wanda ya tambaye ta yadda ta kwana.

Har da harshenmu yana da laifi, kuma wannan ya shafe mu mu masu riƙe da alƙalami. Abin da ake tura mutum a ciki mun sa masa suna "keken guragu". Wace dattijuwa ce mai jikoki talatin za ta yarda a ce ta hau keken guragu a gaban kishiyoyin unguwa? Inna da bakinta ta ce mana ita ba gurguwa ba ce. Da mun saba cewa keken ɗawafi, ko keken dattawa, da rabin gardamar ta mutu. Suna yana hana mutum shan magani.

Kashi na biyu na masu motocin ziyara ne. Ba mu ce duka macuta ba ne, neman halalinsu suke yi. Amma cinikinsu a kan kai yake, kowace kujera riyal ce, don haka ba za ka ji mai mota ya ce "wannan fitar ba ta tsofaffi ba ce" ba. Zai jero maka sunayen wurare biyar, ba zai gaya maka inda motar za ta tsaya da inda ƙafa za ta karɓa ba, ba zai ce maka na'urar sanyaya motar ta lalace ba, ba zai ce babu banɗaki sai an dawo ba.

Kashi na uku na tsarin bita ne. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tun 2006 aka kafa ta, jihohi kuma suna da hukumomin jin daɗin alhazai, ana bita a ƙananan hukumomi kafin tashi. Ana koya wa maniyyaci ɗaura harami, da talbiyya, da nauyin jakar da jirgi zai ɗauka. Duk wannan daidai ne. Abin da muke nema a ƙara shi ne takarda ɗaya, da Hausar boko da ajami, da saƙon murya ga wanda ba ya karatu, mai cewa: wuri kaza tafiyarsa kaza ce, akwai matakala ko babu, keke yana shiga ko ba ya shiga, akwai inuwa ko babu. Nijeriya ta samu kujera 95,000 a 2023. Jama'a mai wannan yawa ta cancanci takarda ɗaya.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Ku dubi masu manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke zagaya tekun Bahar Rum, waɗanda yanzu har daga Jidda suna tashi. Da yawan fasinjojinsu tsofaffi ne. Jirgi yakan tsaya a gari da safe ya tashi da yamma, a tsakani a fita da mutane kallon gari. Kafin mutum ya biya kuɗin kowace fita, an rubuta masa ajinta: mai sauƙi, matsakaiciya, ko mai wahala. An faɗa masa tsawon tafiyar ƙasa, da ko akwai matakala, da ko hanyar mai duwatsu ce, da ko motar tana ɗaukar keke. A tashar da babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai an sauka cikin ƙaramin kwalekwale, tun da wuri ake gaya wa mai keke cewa wataƙila ba zai iya sauka ba. Kuma kowa ya san wanda ya yi gaban kansa ya makara, jirgi tafiyarsa zai yi. Mutanen da suka fita kallon gine-gine ke nan. Mu da muka fita sauke farilla, da kakanninmu suka yi shekaru a hanyar Chadi da Sudan kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, mu ne za mu kasa rubuta wa iyayenmu "wannan akwai hawa"? Namu jirgin ma ya fi nasu rashin jira. Ranar tara ga Zulhajji in ta wuce, sai baɗi, in da rai, in da wasu shanun.

Tun da ba a rubuta mana ba, ga namu rabon, daga abin da muka gani da idonmu.

Akwai ziyarar da tsoho zai je hankali kwance. Masallacin Kuba a Madina, mota tana kai mutum kusa, fili ne shimfiɗaɗɗe, kuma shi ne wurin da hadisi ya zo da falalar salla a cikinsa, cewa wanda ya yi tsarki a gidansa ya je ya yi salla yana da lada kamar na Umra. Ga lada mai nassi, ga sauƙin ƙafa. Masallacin Ƙiblataini haka. Uhudu ma haka, muddin an tsaya a ƙasa: maƙabartar shahidai, inda Sayyidina Hamza yake, a fili take, a yi sallama a yi addu'a. Ɗan tudun maharba da ke gefe a bar wa yara. Baƙi'a tana jikin Masallacin Annabi, ba sai an shiga mota ba. A Makka kuma, a gindin Jabalun Nur an gina wurin baje kolin tarihin wahayi, mutum zai zauna cikin sanyi ya ga kwatancin kogon, ya ɗaga kai ya ga dutsen da idonsa. Wanda ya ga dutsen daga ƙasa ya gan shi.

Akwai wadda sai da sharaɗi. Shiga Rauda yanzu da izini ne ta manhajar Nusuk, kuma duk da izinin akwai jira a tsaye da matsi, musamman ɓangaren mata. A nema wa tsohuwa lokacin da jikinta ya fi ƙarfi, a haɗa ta da mace mai ƙarfi da ba za ta saki hannunta ba. Zagayen ganin Mina da Arfa da Muzdalifa kafin ranakun aiki yana da amfani in daga cikin mota za a kalla. Tafiya mai nisa irin ta Badar, kusan kilomita 150 daga Madina, ko Ɗa'ifa da ke kan duwatsu, wahalarta zaman mota ne da riƙe fitsari. Mai ciwon suga ko mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari ya auna da kyau, kuma in za a yi, a bari sai bayan an sauke farilla.

Akwai kuma wadda amsarta a'a ce, ko da kuka ko da fushi: hawan Hira, hawan Saur, hawan Jabalur Rahma ranar Arfa, da yawon kasuwa tsakar rana. Mu ƙara da maimaita Umra daga Tan'im kullum, yau ta Baba marigayi, gobe ta Kaka, jibi ta maƙwabci. Kowace Umra ɗawafi ce da sa'ayi cikakku a kan ƙafar nan guda, alhali a Malikiyya ma maimaita Umra cikin shekara ɗaya makaruhi ne.

Kafin a sa tsoho a kowace mota, ɗan rakiya ya tambayi mai motar abu biyar, kuma ya tsaya sai ya ji amsa. Daga inda za ka ajiye mu zuwa wurin, tafiyar minti nawa ce a ƙafar tsoho? Akwai matakala? Akwai banɗaki da wurin zama a inuwa? Ƙarfe nawa za mu dawo, kafin rana ta take ko bayanta? In ɗayanmu ya kasa, motar za ta jira shi da sanyinta a kunne, ko za ta juyo da shi? Mai motar da ya amsa da "ba matsala, Alhaji" kawai, a bar shi ya wuce. Ita ma tsohuwar a tambaye ta, amma a keɓe, ba a gaban 'yan ɗaki ba, kuma a sauya tambayar. Kada a ce "za ki iya?" A ce "Inna, jiya da muka dawo Harami, ina ne ya fi yi miki ciwo?" Nan gaskiya take fitowa. Kuma tun a gida ake gane ƙarfin ƙafa: wanda ba ya iya zuwa kasuwar garinsu ya dawo ba tare da ya zauna ba, a sa kuɗin keke cikin guzurinsa tun kafin a sayi tsaraba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce lada gwargwadon wahala. Wahalar da ibada ta zo da ita, ita ce ake ba lada a kanta, ba wadda mutum ya je ya sayo da riyal ba, labarin dattijon da aka ce ya hau abin hawa ya ishe mu hujja. Za a ce ai mutuwa a can dace ce. Wanda ajalinsa ya riske shi a can muna yi masa kyakkyawan zato, kamar yadda muke yi wa waɗanda suka rasu a turmutsitsin Mina ranar 24 ga Satumba, 2015, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah Ya jiƙansu. Amma dacewar mamaci ba ta wanke sakacin mai rai. Wanda aka ba amanar uwa ya kai ta inda ya san ba za ta iya ba, tambayarsa daban ce.

Za a kuma ce, ku su wa da za ku hana babba abin da ransa ke so? Wannan ita ce hujja mai nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Tsoho ba yaro ba ne, kuɗinsa ne, Hajjinsa ne, kuma akwai ɗan saba'in da ya fi ɗan arba'in ƙwari, manomin da har yanzu yake kai kansa gona. Ma'auninmu ƙafa ne da numfashi, ba shekaru ba. Kuma ba mu ce a kulle kowa a ɗaki ba. Cewa muka yi a gaya masa gaskiya dalla-dalla, a ba shi abin da ya fi. Da mun zauna da Inna mun ce mata, "Inna, ƙafar nan ɗaya ce, ko dutse ko Arfa, wanne kika zaɓa?" mun tabbata da wanda za ta zaɓa. Ba mu ba ta zaɓin ba. Mun ɓoye mata farashin, muka yi mata kabbara. Girmama babba shi ne a sanar da shi, ba a yi masa kirari ya faɗa rami ba.

Ko a jifa, wanda wajibi ne, malamai sun yarda mara ƙarfi ya wakilta wani, a Malikiyya kuma akwai hadaya a kansa. Malamin tawaga yana nan don irin wannan tambaya. Kuɗin dabba ɗaya ya fi sauƙi a kan gwiwar da ba za ta dawo ba.

Kuma kada mu ɗauka sai a Saudiyya. A nan gida ma haka muke yi. A cika bas da tsofaffi daga Jabo ko Kebbe, a ce yau ɗaya za a yi Hubbaren Shehu, a biya Sifawa, a wuce Wurno, wani ma ya ce a ƙarasa Degel, cikin zafin bazara, ba a tsaya cin abinci ba sai la'asar. Wuri ɗaya cikin natsuwa, da sassafe, da ruwa a hannu da kujerar zama, ya fi wuri huɗu da tsoho zai dawo bai san inda aka kai shi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

'Yan uwa, kusan kowane gida a ƙasar nan yana da tsohon da ke tara kuɗin kujera. Wasunmu za su raka, wasu za su biya, wasu kuma su ne za a kira a waya a ce ga hoton Hajiya a kan dutse. Idan hoton ya zo, kada mu yi saurin cewa Masha Allah. Mu tambaya: ta ci abinci? Ƙafar fa? Saura kwana nawa Arfa? Wanda kuma Allah Ya ba baiwar tsara magana, ga aiki: shafi ɗaya, Hausa mai sauƙi, wuri kaza akwai hawa, wuri kaza babu, a karanta a zauren bita, a tura a waya. Mu mun fara namu, kuma Inna ce ta fara saurara. Da muka gama karanta mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "Da kun hwaɗa min hakanga tun can, da na tsaya Arfa da ƙahwata."

Wanda yake ganin mun yi kuskure, fili nasa ne, ya kawo hujjarsa a ƙasa, za mu karanta da zuciya ɗaya. Wanda kuma ya taɓa raka tsoho, ya gaya mana wurin da ya same shi da sauƙi da wanda ya ba shi wuya, mu haɗa a cikin shafin. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya kai waɗanda ba su je ba, Ya yafe mana abin da muka yi da sunan so. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.